Ma'aunin haɗari ya hana a saki ƙanena: shin ana iya yarda da makin da ya bayar?

"Assalamu alaikum. Ƙanena yana tsare a wata jiha ta Amurka, bana shekararsa 16 a ciki. Ya shiga yana ɗan shekara 19 a kan fashi da makami, kuma ba mu taɓa cewa bai yi ba. A ciki ya yi karatu, ya koyi sana'a, rabon da a rubuta masa laifin karya dokar gidan yari ya kai shekara 9. Watan jiya ya zauna gaban kwamitin sakin talala, suka ƙi sakinsa, suka ce ya dawo bayan shekara 2. A takardar da suka ba shi an rubuta cewa ma'aunin haɗari ya sa shi a sahun masu haɗari mai yawa. Mahaifiyarmu ta tsufa, kullum tambayarta ɗaya ce: yaya na'ura za ta san zuciyar ɗana? Don Allah mene ne wannan ma'auni, ana iya yarda da shi, kuma akwai abin da za mu iya yi?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya kawo masa mafita, ya ƙara wa Mama haƙuri da lafiya. Tambayarki kashi uku ce: mene ne abin, yaya ƙarfin gaskiyarsa yake, kuma ina hannunku zai iya kaiwa. Na daɗe ina cike irin waɗannan takardu, ina zama da fursunoni ina yi musu tambayoyin, ina rubuta wa kwamitoci rahoto, don haka daga cikin ɗakin zan ba ki amsa. Tun farko ki gaya wa Mama cewa tambayarta daidai take. Ma'aunin bai san zuciyar ɗanta ba, kuma ba a ƙera shi don ya sani ba. Abin da ya sani shi ne yadda wasu mutane da tarihinsu ya yi kama da nasa suka kasance bayan an sake su.

Daga ina abin ya samo asali

Sakin talala shi ne a bar fursuna ya ƙarasa sauran wa'adinsa a waje bisa sharuɗɗa, da jami'i mai sa ido a kansa. In ya karya sharaɗi, a mayar da shi. Saboda haka kwamitin ba ya zama don ya sake yi masa shari'ar laifinsa. Hasashe yake yi: in mun buɗe masa ƙofa, zai cutar da wani?

Ƙoƙarin mayar da wannan hasashe lissafi ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. A 1928 wani malamin Jami'ar Chicago, Ernest Burgess, ya bi fayilolin mutum kusan 3,000 da aka saka daga gidajen yarin jihar Illinois. Ya ware abubuwa 21, irin su shekarun mutum, tarihin aikinsa da laifukansa na baya, ya ba kowane abu maki ɗaya, ya tara. Sai ya ga masu maki mai kyau ba kasafai suke karya sharaɗi ba, masu maras kyau kuwa da yawansu suna komawa. A 1954 Paul Meehl, masanin halayyar ɗan Adam, ya kwatanta nazarce-nazarce kusan 20 da aka gwada hasashen ƙwararru da hasashen lissafi, ya tarar lissafin ko dai ya yi kunnen doki da ƙwararren ko ya fi shi. Binciken da aka yi ta yi bayansa bai rushe wannan ba.

Wannan magana ba ta yi wa masu irin aikina daɗi, amma na gan ta da idona. Farkon shigata aikin na zauna da wani mutum mai zaƙin baki. Ya yi mini bayanin laifinsa dalla-dalla, ya ambaci wanda ya cutar, ya zubar da hawaye. Makinsa yana sama, amma na rubuta cewa a ganina ya tuba. Bai cika wata shida a waje ba ya raunata wani. Tuban muzuru ne, ni kuwa na shaide shi, kuma har yau nakan tuna wanda ya ji raunin. A waccan shekarar kuma na zauna da wani da bai iya haɗa jimla biyu ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Wasu a kwamitin suka ɗauki shirunsa taurin kai ne. Makinsa yana ƙasa, da ƙyar aka sake shi, kuma har na bar wurin bai dawo ba. Akan ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A ɗakin kwamiti idon yakan ruɗu da iya magana, da kama, da launin fata, da gajiyar mai kallo. Shi ya sa ba zan ce miki a jefar da ma'aunin a koma ga ido kaɗai ba.

Yadda ake samo makin

Ba wata na'ura ce mai tunani ba. Takardar tambayoyi ce, jami'i ya cike daga fayil da kuma hira, kwamfuta ta tara. Wanda aka fi sani da LSI-R, da Don Andrews da James Bonta suka tsara a Kanada, tambaya 54 ne. COMPAS, na wani kamfani mai zaman kansa a Amurka, takardarsa ta kai tambaya 137, kodayake ba duka ne ke shiga lissafin makin haɗari ba. A Ingila suna da OGRS, wanda kusan bai dogara da komai ba sai shekaru, jinsi da tarihin laifi. Akwai kuma na musamman, kamar Static-99 na masu laifin fyaɗe da makamantansa.

Tambayoyin iri biyu ne, kuma a nan nake zaton matsalar ƙaninki take. Akwai waɗanda ba sa canzawa har abada: shekararka nawa aka fara kama ka, sau nawa aka yanke maka hukunci, ka taɓa karya sharaɗin beli, laifinka akwai makami. Akwai kuma masu canzawa: shaye-shaye, abokan hulɗa, ilimi, sana'a, dangantaka da iyali, yadda mutum yake kallon laifi. Wanda ya shiga yana ɗan shekara 19 a kan fashi, wataƙila kuma an taɓa kama shi tun yana ƙarami, ya riga ya kwashi maki mai nauyi daga kashi na farko. Ko ya shekara 30 bai ɗaga wa kowa murya ba, wannan sashen ba zai motsa ba. Na sha zama da mutum mai furfura ina tambayarsa abin da ya yi yana ɗan shekara 15, in sa alama a akwatin, alhali mu biyun mun san yaron da ake tambaya a kansa ba shi ne ke zaune gabana ba.

Sai ma'anar makin. COMPAS yana bayar da 1 zuwa 10, kuma 8 zuwa 10 shi ake kira mai yawa. Mutane da dama, har da wasu 'yan kwamiti, suna ɗauka 8 na nufin kashi 80 cikin 100 zai sake laifi. Ba haka ba ne. Matsayi ne a layi: ya fi yawancin waɗanda aka auna shi da su maki. A ɗauka, don misali kawai, cikin mutum 100 masu irin makinsa 60 aka sake kamawa. To 40 ba a kama su ba, kuma ma'aunin ba shi da hanyar gaya miki ko ƙaninki cikin 60 yake ko cikin 40.

Akwai alƙaluman da nake son kowane ɗan kwamiti ya haddace. A 2012 wani mai bincike, Seena Fazel, da abokan aikinsa suka haɗa nazarce-nazarcen da suka shafi mutum sama da 24,000. A ma'aunan da ke hasashen laifin tashin hankali, cikin waɗanda aka sa a sahun masu haɗari, kusan kashi 41 cikin 100 ne suka aikata. Cikin waɗanda aka ce haɗarinsu kaɗan ne, kusan kashi 91 cikin 100 ba su aikata ba. Wato ma'aunin ya fi iya nuna wanda za a saka hankali kwance fiye da nuna wanda ya kamata a ci gaba da riƙewa. Abin takaici, an fi amfani da shi ta ɓangaren da ya fi rauni.

Ki kuma tambaya: haɗarin mene ne? Sau da yawa abin da aka ƙirga shi ne sake kamawa a kan kowane irin abu. Hukumar ƙididdigar shari'a ta Amurka ta bi waɗanda aka saka a jihohi 30 a 2005, ta tarar an sake kama kashi 68 cikin 100 a cikin shekara 3. Adadin yana da ban tsoro, amma ya haɗa mai kisa da wanda aka kama da ɗan ƙullin ƙwaya. Kuma kamu ba halin mutum kaɗai yake aunawa ba, yana auna yawan 'yan sandan da ke sintiri a unguwarsa. Wannan ne ya kai mu ga rigimar da ta fi kowace zafi.

Maganar wariya

A 2016 'yan jaridar ProPublica suka binciki makin COMPAS na mutum sama da 7,000 a gundumar Broward ta jihar Florida. Waɗannan masu jiran shari'a ne, ba masu neman sakin talala ba, amma darasin ɗaya ne. Cikin waɗanda ba su sake laifi ba a shekara 2, an riga an sa kusan kashi 45 cikin 100 na baƙaƙen fata a sahun masu haɗari, fararen fata kuwa kusan kashi 23. Kamfanin ya mayar da martani cewa maki 7 ma'anarsa ɗaya ce ga baƙi da fari, domin yawan masu sake laifi a kowane maki kusan daidai yake. Masana lissafi, cikinsu har da Jon Kleinberg da Alexandra Chouldechova, suka nuna cewa kowane ɓangare yana da gaskiya a abin da ya auna, kuma matuƙar yawan kamu ya bambanta tsakanin al'ummomi biyu, babu ma'aunin da zai cika adalcin iri biyun a lokaci ɗaya. Dole a zaɓi ɗaya, kuma zaɓin na mutane ne.

Takardar ba ta tambayar launin fata. Ba ta ma buƙata. Yaron da ya tashi a unguwar da ake tare mutane a kan hanya kullum zai tara tarihin kamu fiye da wanda ya yi irin aikinsa a unguwar da ba a leƙawa, kuma wannan tarihin shi ne abincin ma'aunin. A Kanada wani fursuna ɗan asalin al'ummar Métis, ɗaya daga cikin al'ummomin 'yan asalin ƙasar, ya kai ƙara a kan haka, kuma a 2018 Kotun Ƙolin ƙasar, a shari'ar Ewert, ta ce hukumar gidajen yari ta saɓa wa doka da ta ci gaba da amfani da ma'aunan ba tare da ta tabbatar suna aiki daidai a kan 'yan asalin ƙasar ba. Tambayar da aka yi a can ita ce ya dace lauyanku ya yi: an gwada wannan ma'auni a kan mutane irin ƙaninki, wato waɗanda suka shiga da ƙuruciya suka daɗe a ciki?

Wani abin da ni kaina ba na iya karewa shi ne sirri. A shari'ar Loomis ta 2016 Kotun Ƙolin jihar Wisconsin ta yarda alƙali ya duba makin COMPAS duk da cewa kamfanin ya ƙi bayyana yadda yake lissafinsa, sai dai ta ce kada makin ya zama shi kaɗai ne madogara, kuma a riƙa haɗa shi da gargaɗi. Bayan shekara 2, wasu masu bincike, Julia Dressel da Hany Farid, suka nuna cewa lissafi mai sauƙi da abu biyu kacal, shekarun mutum da yawan laifukansa na baya, yana hasashe kusan daidai da COMPAS, wajen kashi 65 cikin 100. In haka ne, ban ga hujjar da za a tsare mutum shekara 2 a kan lissafin da aka hana shi gani ba.

Abin da nake zato game da ƙaninki

Ban ga fayil ɗinsa ba, don haka ki ɗauki wannan a matsayin inda za a fara dubawa. Yanzu shekararsa 35. Babu abin da aka fi tabbatarwa a wannan fanni kamar cewa laifi yana raguwa da shekaru. Hukumar tsara hukunci ta Amurka ta wallafa a 2017 cewa cikin fursunonin tarayya da ta bi shekara 8, an sake kama kusan kashi 68 cikin 100 na waɗanda aka saka suna ƙasa da shekara 21, amma kashi 13 kawai na masu shekara 65 zuwa sama. Shi yana tsakiya, ya wuce ganiyar. Shekara 9 ba tare da an rubuta masa laifi ba, a wurin da ake rubuta mutum a kan ƙaramin abu, ba ƙaramar shaida ba ce. In duk da haka makinsa yana sama, ko dai tarihin ƙuruciya ne ya danne komai, ko an yi kuskuren cikewa.

Kuskuren cikewa ya fi yadda ake zato yawa. Na taɓa karɓar fayil da aka ƙirga wa mutum hukunci 4, na bi takardun kotu na tarar tuhuma 4 ce a shari'a ɗaya, biyu ma an janye su. Wani jami'i ya shigar da shi haka shekaru da suka wuce, kowa ya yi ta kwafa. Da aka gyara, mutumin ya sauko daga sahun sama zuwa na tsakiya. Na ga inda aka rubuta "ba shi da goyon bayan iyali" don kawai ba a zuwa ziyara, alhali iyalin suna nesa ne, wasiƙunsu kuwa cike da akwatinsa.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. Wani lokaci makin mafaka ce. Kwamitin da ya saki mutum ya je ya yi ɓarna, sunayensu za su fito a jarida. Kwamitin da ya riƙe mutumin da da an sake shi ba zai cutar da kowa ba, babu mai ganin kuskurensa, domin babu wanda zai ƙirga laifin da ba a yi ba. Saboda haka tsoro kullum ɓangare ɗaya yake turawa, kuma "ma'auni ya ce" ya fi sauƙin rubutawa a kan "mun ga laifin ya yi girma". Ba na raina wannan tsoron. Akwai wanda aka tsare da bindiga a ranar da ƙaninki ya yi fashin, shi ma yana da haƙƙi, kuma a jihohi da yawa ana jin ta bakinsa. Amma in girman laifin ne dalili, a faɗa a fili, don mutum ya san abin da yake fuskanta.

Inda hannunku zai kai

Abu na farko, ya nemi kwafin takardar awon gaba ɗaya, ba makin ƙarshe kaɗai ba. Shi da lauya su bi ta layi-layi: ranar da aka cike ta, wa ya cike, yawan hukunce-hukuncen da aka ƙirga, shekarun kamun farko, abin da aka rubuta kan shaye-shaye da iyali. Ku duba wane sashe ne ya hau. Sau da yawa mutum yana ƙasa a haɗarin tashin hankali amma yana sama a wani sashe kamar yiwuwar komawa shan ƙwaya, sai takardar kwamiti ta dunƙule su ta ce haɗari mai yawa. Duk kuskuren da aka gano a rubuta, a haɗa da takardar kotu, a nemi gyara a rubuce tun kafin zama na gaba. In da hali, a samo masanin halayya mai zaman kansa ya yi masa sabon awo. Rahoton da ya yarda da makin tarihi, sannan ya nuna abin da ya canza da hujja, ya fi tasiri a kan wanda ya ce ma'aunin banza ne.

Na biyu ya fi shafarku ku da kuke waje. Sashen da ke canzawa shi ne inda iyali suke da ƙarfi. 'Yan kwamiti sun karanta dubban wasiƙu masu cewa "yaron kirki ne, ya tuba", ba sa tsayawa a kansu. Wasiƙar da na ga ana ajiye alƙalami a karanta ita ce mai cewa: zai zauna a wannan adireshi, ga ɗakinsa, ga wanda ya yarda ya ɗauke shi aiki da takardarsa, ga wanda zai riƙa kai shi wurin jami'in sa ido, ga cibiyar da ta karɓi sunansa in akwai tarihin shaye-shaye, kuma mun san waɗanda ba ma son ya sake haɗuwa da su. Andrews da Bonta ma ba don a riƙa kulle mutane suka tsara ma'auninsu ba. Manufarsu ita ce a gane wanda ya fi buƙatar taimako da kuma irin taimakon. Maki mai yawa hujja ce ta a tsara masa fita mai ƙarfi, kuma kuna iya gabatar da shi a haka. In ƙaninki ba ɗan ƙasa ba ne, ku gaya wa lauya tun yanzu, domin batun hukumar shige da fice yakan canza tsarin gaba ɗaya.

Ba zan ɗora ki a kan fatan da ba ni da iko a kansa ba. Tun 1979, a shari'ar Greenholtz, Kotun Ƙolin Amurka ta ce kundin tsarin mulki bai ba fursuna haƙƙin a sake shi kafin wa'adinsa ba, sai abin da dokar jiharsa ta tanada, kuma kotuna ba sa son shiga hurumin kwamiti. Ni ba lauya ba ne, kuma dokar kowace jiha daban take. New York, misali, ta wajabta wa kwamitinta amfani da awon haɗari tun 2011, daga 2017 kuma ta ce in sun ƙi sakin mutum saɓanin abin da makinsa ya nuna sai sun rubuta dalili na musamman. Wasu jihohin ba su da irin wannan ƙa'ida. Na ga waɗanda aka gyara musu maki aka sake ƙin su, na ga waɗanda makinsu bai motsa ba aka sake su saboda tsarin fitar da iyali suka kawo.

Abin gaggawa shi ne wa'adin ɗaukaka ƙara. Yakan zama gajere ƙwarai, a New York kwana 30 ne daga ranar da mutum ya karɓi takardar hukuncin. Kin ce watan jiya aka yi zaman. In ya kira ki a waya yau ko gobe, kafin ku shiga wata hira, ki ce ya ɗauko takardar ya karanta miki ranar da ya sa hannu ya karɓa, da sakin layin ƙarshe inda aka yi bayanin yadda ake ɗaukaka ƙara.